Salsalar Halittu da Shaidar da Duwatsu Suka Bayar

Da za a ajiye gaiwa da karfasa da saniya a gaban mutum goma, a ce su ware biyun da suka fi kusanci da juna, babu wanda zai tsaya dogon tunani. Gaiwa da karfasa kifaye ne, a ruwa suke rayuwa, masunta ne ke kama su, saniya kuwa tana can makiyaya. Masana ilimin halittu na yau sun saɓa wa wannan amsa. A wurinsu gaiwa ta fi kusa da saniya a kan karfasa. Abin da ido ke fara gani shi ne gaiwa tana da huhu. Takan leƙo saman ruwa ta shaƙi iska, idan kuma fadama ta ƙafe da rani sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta yi watanni tana numfashi ta wata 'yar kafa har ruwa ya dawo. Hujjojin da suka fi wannan ƙarfi suna cikin tsarin zuciyarta da ƙasusuwanta, da kuma sinadarin gado da ake kira DNA. A 2021 aka karanta DNA ɗin gaiwar Afirka ta Yamma, aka tarar ya ninka na ɗan Adam yawa fiye da sau goma, aka kuma sake tabbatar da cewa a cikin kifayen da ke raye babu wanda ya kai dangin gaiwa kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu.

A makarantunmu ana koyar da abubuwa biyu kamar ba su san juna ba. A ajin ilimin halittu yaro yakan haddace matakan karkasa halittu, daga masarauta har zuwa nau'i. A wani ajin kuma, idan ya yi sa'a, a nuna masa jadawalin zamunan duniya mai ɗauke da sunaye masu wuyar faɗa. Ya amsa jarrabawa ya manta da su duka. Alhali magana ɗaya ce. Duk wanda ya ce wannan halitta da waccan rukuninsu ɗaya, da'awar salsala yake yi, yana cewa tsatsonsu ɗaya. Duwatsu kuma su ne ke bayar da shaida kan wa ya riga wa zuwa, da kuma yaushe aka rabu.

Mai haƙar rijiya ya san ƙa'idar farko ta karatun duwatsu ba tare da ya shiga aji ba. Yakan wuce ƙasar sama, ya tarar da marmara, ya shiga yumɓu ko yashi, kuma abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Nicolas Steno, likita ɗan ƙasar Denmak da ke zaune a Italiya, shi ya rubuta wannan a matsayin ƙa'ida a 1669, bayan ya feɗe kan wani ƙaton kifin shak ya ga haƙoransa daidai suke da wasu duwatsu masu siffar harshe da mutane ke tsinta nesa da teku. Ƙarnoni kafin shi al-Biruni ya dubi shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Indiya ya ce teku ce a da, koguna suka cike ta da laka. Ibn Sina ma ya yi bayani a Kitab al-Shifa kan yadda laka ke zama dutse.

Mataki na biyu ya fito daga hannun ma'aikaci, ba malamin jami'a ba. William Smith mai awon ƙasa ne da ke bin ramukan kwal da hanyoyin ruwa da ake haƙawa a Ingila. Ya lura cewa kowace shimfiɗar dutse tana da irin burbushin halittun da ke cikinta, kuma jerin ba ya sauyawa: abin da ke ƙasa a wannan gari shi ne a ƙasa a wancan. Da wannan ya zana taswirar duwatsun Ingila da Wales a 1815. Daga nan aka shiga raɗa wa zamunan suna, yawanci da sunan inda aka fara nazarin duwatsunsu: Kambiriyan daga tsohon sunan Wales, Deboniyan daga yankin Devon, Famiyan daga Perm ta Rasha, Jurasik daga tsaunukan Jura da ke tsakanin Faransa da Suwizalan.

Har ƙarshen ƙarni na 19 an san jeri, ba a san shekaru ba. Lissafin ya samu ne bayan 1896, lokacin da aka gano cewa wasu ma'adinai suna rikiɗa da kansu zuwa wasu a kan ma'aunin da zafi ko sanyi ba sa canza shi. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗa ya zama dalma, kuma nau'insa da ya fi yawa yana buƙatar shekaru biliyan 4.47 kafin rabinsa ya juye. Idan dutse mai aman wuta ya watsa toka, akwai wasu ƙananan ƙyalli da ake kira zakon a cikinta, waɗanda ke kama yuraniyom lokacin da suke daskarewa amma ba sa karɓar dalma. Duk dalmar da aka samu a cikinsu daga baya ta taru, don haka auna ta auna shekaru ne. Ƙashin da aka samu tsakanin shimfiɗar toka biyu, shekarunsa suna tsakanin nasu. Arthur Holmes ya yi irin wannan awo a 1911, Clair Patterson kuma a 1956 ya fitar da shekarun duniya kanta, biliyan 4.55, adadin da har yau bai motsa sosai ba.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu har cikin masu ilimi, wai da kabon ake auna shekarun ƙasusuwan dainoso. Ba haka ba ne. Rabin kabon-14 yana ƙarewa cikin shekaru 5,730, don haka bayan kamar shekaru 50,000 babu abin aunawa. Shi ya dace da abu irin kwalekwalen Dufuna da aka gano a Jihar Yobe a 1987, wanda aka tarar ya kai kimanin shekaru 8,000. Miliyoyin shekaru aikin yuraniyom ne da ire-irensa.

To, me duwatsun suka ce? Abu na farko da ke ba mai karatu mamaki shi ne tsawon lokacin da duniya ta yi babu wata halitta da ido zai iya gani. Tsofaffin alamun rai da masana suka fi amincewa da su suna yankin Pilbara a yammacin Ostareliya, wasu tuddai ne masu hawa-hawa da ƙananan ƙwayoyin halitta suka gina a bakin ruwa kimanin shekaru biliyan 3.5 da suka wuce. Daga nan aka shafe kusan shekaru biliyan uku rayuwa tana hannun irin waɗannan ƙwayoyi. Amma ba zaman banza suka yi ba. Wani rukuni na bakteriya ya samu hanyar haɗa abinci da hasken rana da ruwa, yana fitar da iskar oksijin a matsayin shara. Da farko ƙarfen da ke narke a teku ya riƙa kama ta yana tsatsa yana kwanciya, kuma manyan ma'adinan ƙarfe da duniya ke haƙa yau a Ostareliya da Barazil da Afirka ta Kudu ragowar wannan tsatsa ce. Kimanin shekaru biliyan 2.4 da suka wuce iskar ta fara taruwa a sararin sama. Ga yawancin halittun wancan zamani guba ce. Ga waɗanda suka iya amfani da ita, ƙarfi ne da ba a taɓa samun irinsa ba.

Sai wani lamari da ya fi kowanne ban mamaki a wannan tarihi. Wata ƙwayar halitta ta shigar da wata bakteriya cikin jikinta, ba ta narkar da ita ba, suka zauna tare. Baƙuwar ta zama ma'aikatar samar da ƙarfi, kuma jikokinta suna nan a cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum da akuya da kuka, har yanzu riƙe da ɗan guntun DNA nasu na daban. Koren da ke cikin ganye ma ta haka ya samu, bakteriya mai cin hasken rana ce aka haɗiye. Lokacin da Lynn Margulis ta rubuta wannan bayani, mujallu da dama sun ƙi buga shi kafin ya fito a 1967. Yau yana cikin kowane littafin jami'a.

Halittu masu girman da za a gani da ido sun bayyana sosai ne ƙasa da shekaru miliyan 600 da suka wuce, masu laushin jiki, marasa ƙashi, irin waɗanda Reg Sprigg ya tsinta a tuddan Ediacara na Ostareliya a 1946. Zamanin Kambiriyan ya fara shekaru miliyan 539 da suka wuce, wato bayan kusan kashi 88 cikin 100 na shekarun duniya sun riga sun shuɗe. A cikinsa, cikin shekaru kamar miliyan 20, kusan dukkan manyan tsare-tsaren jikin dabbobi suka bayyana a duwatsu: masu ɓawo, masu gaɓoɓi, masu idanu, da kakannin masu ƙashin baya. Duwatsun Burgess na Kanada da Charles Walcott ya gano a 1909, da na Chengjiang a ƙasar Sin da aka gano a 1984, sun adana har da hanji da idanun waɗannan halittu. Tsirrai sun hau tudu kimanin shekaru miliyan 470 da suka wuce, ƙwari da danginsu suka biyo baya.

A nan ne ilimin karkasa halittu da ilimin duwatsu suka yi wa juna gwaji mai kyau. Idan da gaske dabbobi masu ƙafa huɗu daga wani reshen kifaye suka fito, dole a samu halitta mai siffar tsaka-tsaki a duwatsun da suka girmi masu ƙafa huɗu na farko amma ba su kai kifaye zalla tsufa ba. Neil Shubin da abokan aikinsa suka buɗe taswira suka nemi duwatsu masu waɗannan shekaru, waɗanda suka kwanta a bakin tsofaffin koguna, suka same su a tsibirin Ellesmere can arewacin Kanada. Bayan shekaru ana komawa, a 2004 suka tono Tiktaalik, mai shekaru miliyan 375. Tana da ɓawon kifi a jiki, amma kanta a baje yake, tana da wuya mai juyawa, kuma a cikin fiffikenta na ninƙaya akwai ƙasusuwan da suka yi daidai da na dantse da wuyan hannu. An faɗi inda za a same ta kafin a same ta. A ganina wannan ya fi tarin hujjojin baki, domin da lissafin ƙarya ne da sun dawo hannu rabbana.

Tafiyar ba ta kasance lami lafiya ba. Sau biyar aka yi gagarumar halaka da ta share kaso mai yawa na halittu cikin ɗan lokaci. Mafi muni ita ce ta ƙarshen Famiyan, shekaru miliyan 252 da suka wuce, lokacin da ƙasa ta tsage a Saiberiya ta yi ta amayar da narkakken dutse da hayaƙi, duniya ta ɗumama, teku ta rasa iska, kusan tara cikin goma na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Kafin wannan, lokacin da nahiyoyi suke haɗe wuri ɗaya, wata dabba mai girman saniya da ƙullutai a ka tana yawo a inda yau yake kusa da Arlit, wadda aka raɗa wa suna Bunostegos. Ta ƙarshe cikin biyar ɗin ita ce ta shekaru miliyan 66 da suka wuce. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka nuna wata siririyar shimfiɗar yumɓu mai yawan ma'adinin iridiyom, wanda ke da ƙaranci a doron ƙasa amma yake da yawa a duwatsun sararin samaniya. Suka ce wannan alama ce ta faɗowar wani ƙaton dutse daga sama. Daga baya aka gano raminsa a Chicxulub, gaɓar Yucatan ta Meziko, faɗinsa kamar kilomita 180, wanda dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya haƙa. Mulkin dainoso, wanda ya fara kimanin shekaru miliyan 230 da suka wuce, ya ƙare a nan, fili ya buɗe wa dabbobi masu shayarwa, waɗanda suka daɗe suna raɓe a matsayin ƙananan halittu.

Ba sai an je Kanada ba kafin a ga wannan tarihi. Gadufawa, a hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, tana cikin wuraren da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. Masu neman yuraniyom ne suka kai labarinta, Philippe Taquet na Faransa ya fara aiki a can a tsakiyar shekarun 1960, Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya biyo baya a shekarun 1990. Daga can aka samu Ouranosaurus mai tozo a baya, da Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, da Suchomimus mai cin kifi, da Sarcosuchus, ɗan'uwan kada da ya haura mita tara, duk masu shekaru sama da miliyan 110. Inda yau babu ko inuwa, a lokacin manyan koguna ne ke gudu. An samu wani nau'in Sarcosuchus a Barazil, domin a wancan zamani Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba, kuma kwarin Binuwai tsaga ce da ta buɗe a lokacin wannan rabuwa amma ba ta kai ga zama teku ta dindindin ba. Wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal ɗin wasu daga cikinsu.

A Nijeriya kuma teku ce ta bar sawu. Fiye da sau ɗaya ruwan gishiri ya ratso ta Sahara ya kwanta a kan ƙasashen da yau suke arewacin Nijeriya da Nijar. Dutsen da ake fasawa a Ashaka ta Jihar Gombe don yin siminti cike yake da naɗaɗɗun ɓawon amonait, halittun teku da suka rayu fiye da shekaru miliyan 90 da suka wuce. A ƙasar Sakkwato an tono wata dabbar teku mai dogon muƙamuƙi, aka kira ta Goronyosaurus a 1972 da sunan Goronyo. Ba kifi ba ce, ba kada ba ce, ba kuma dainoso ba, danginta na kusa su ne guza da damo da macizai. Farin dutsen Kalambaina da ake ƙonawa a yi siminti ya kwanta ne a ƙarƙashin teku bayan halakar dainoso, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce.

Mu juyo ga ɗaya ɓangaren. Kowace al'umma tana karkasa halittu, kuma ta Bahaushe ba ta wasa ba ce: manomi ya san kaura daga farfara, mai maganin gargajiya ya san itatuwa ɗaruruwa da ganye da saiwa. Matsalar ita ce suna ɗaya kan hau kan halittu biyu, halitta ɗaya kuma ta samu suna biyar daga Katsina zuwa Damagaram. Carl Linnaeus na Suwidin ya magance wannan da tsari mai sauƙi: kowace halitta suna biyu na Latin, na farko na jinsin da take ciki, na biyu nata na kanta. Ya tabbatar da shi ga tsirrai a 1753, ga dabbobi a 1758. Shi ya kira kuka Adansonia digitata don girmama Michel Adanson da ya yi nazarinta a Senegal. Ɗorawa kuma daga baya ta zama Parkia biglobosa da sunan Mungo Park.

Linnaeus da siffa yake aiki, kuma Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane. Shi kansa sai a 1758 ya fitar da wel, ƙatuwar halittar teku, daga cikin kifaye ya mai da ita cikin masu shayarwa, domin tana da huhu kuma tana ba ɗanta nono. Masarautunsa na masu rai biyu ne kacal, dabbobi da tsirrai. Madubin ƙara girman abu ya riga ya nuna wata duniya da ba ta shiga ko ɗaya ba, sai Ernst Haeckel ya ƙara ta uku a 1866, Robert Whittaker ya mai da su biyar a 1969. Wannan tsari na biyar shi ne har yau ake bai wa ɗalibanmu kamar an gama magana. Ba a gama ba. A 1977 Carl Woese ya kwatanta sinadaran gado na ƙananan ƙwayoyi ya gano cewa abin da ake kira bakteriya gida biyu ne masu nisan gaske da juna. Gida na biyun, akiya, ya ma fi kusa da mu. A 1990 ya gabatar da manyan rassa uku: bakteriya, akiya, da duk masu ƙwayar halitta mai cibiya, inda mutum da gero da naman kaza suka taru a reshe ɗaya. Binciken da aka yi tun daga 2015 kan wasu akiya daga ƙasan teku yana nuna cewa reshe na ukun daga cikin na biyu ya tsiro.

Abin da ya sauya aikin daga tushe shi ne tambayar da Charles Darwin ya amsa a 1859: me ya sa halittu ke shiga rukuni cikin rukuni tun farko? Ya ce saboda zuri'a ce. Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙwari, ya mai da wannan ƙa'idar aiki a 1950. Rukuni na gaskiya shi ne kaka ɗaya da dukkan zuri'arsa, ba a bar kowa a waje ba, kuma abin da ke tabbatar da kusanci shi ne sabuwar siffa da aka gada tare, ba yawan kamanni ba. Da aka haɗa wannan da karatun DNA, sai aka ga abubuwan da ba a zata ba. Kada ya fi kusa da kaza a kan ƙadangare. Tsuntsaye reshe ne na dainoso da ya tsira daga halakar ƙarshe, kuma Archaeopteryx da aka tono a Jamus a 1861, mai gashin tsuntsu da haƙora da doguwar wutsiya ta ƙashi, ta daɗe tana nuna haka. Naman kaza da fumfuna sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Gara kyankyaso ce da ta koyi zaman jama'a. Wel kuwa ba ta da dangi na kusa a raye kamar dorina, kuma a Wadi al-Hitan ta Masar akwai ƙwarangwal ɗin tsofaffin wel da ƙananan ƙafafunsu na baya.

Wanda ya fi burge ni cikinsu na gida ne. A ƙarshen shekarun 1990 DNA ya haɗa giwa, da ayu na kogunan Neja da Binuwai, da rema mai zama a kan duwatsu, da dabgi mai tonon gara, a rukuni ɗaya da aka kira Afrotheria. Ido ba zai taɓa haɗa su ba. Duwatsu ne suka ba da dalili: Afirka ta yi miliyoyin shekaru a ware, ruwa ya kewaye ta, kakanninsu suka bazu a cikinta kowa ya kama sana'arsa, kafin ta haɗe da Asiya kimanin shekaru miliyan 20 da suka wuce, kakannin zaki da raƙumin dawa da ɓauna su shigo.

Irin wannan gyara yana da tsada, domin sunaye na canzawa. Gawo ya bar Acacia ya zama Faidherbia albida. Da DNA ya nuna cewa itatuwan da ake kira Acacia ba tsatso ɗaya ba ne, dole aka raba su, kuma wannan ilimi ne. Amma wa zai riƙe tsohon sunan? Bisa ƙa'ida na bagaruwa ne da danginta, tunda a kanta aka kafa shi. Taron masana tsirrai a Vienna a 2005 ya miƙa shi ga itatuwan Ostareliya, waɗanda sun kusa nau'i dubu, taron Melbourne na 2011 ya tabbatar. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaro ta koma Senegalia senegal. Wannan kam ƙuri'a ce da ƙarfin faɗa a ji, kuma masanan Afirka da dama sun ƙi amincewa a lokacin.

Sai batun da kowa ke jira, matsayin ɗan Adam. Linnaeus, ɗan limamin coci kuma mai imani da Mahalicci, shi ya sa mutum a rukuni ɗaya da birai, shekaru ɗari kafin littafin Darwin, bisa tsarin jiki kawai. Masana burbushi suna da ƙoƙon kan Tumai da aka samu a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, mai kimanin shekaru miliyan 7, da ƙasusuwan Jebel Irhoud na Maroko masu kimanin shekaru 300,000, waɗanda suke sanyawa a farkon nau'inmu. Wannan shi ne abin da ilimin ke faɗa, kuma ɓoye wa ɗalibi shi ba ya kare imaninsa, sai dai ya bar shi ya ci karo da shi a intanet ba shiri. Yadda za a fahimci waɗannan ƙasusuwa tare da abin da addini ya zo da shi game da Annabi Adamu, muhawara ce da malaman Musulunci da na Kirista suke yi, kuma ta cancanci malaman da suka karanta ɓangarorin biyu. Ya kamata kuma a tuna cewa Linnaeus ɗin nan ya raba mutane gida huɗu bisa launi, ya jingina wa baƙar fata halayen ƙasƙanci. DNA ya rushe wannan: mutane nau'i ɗaya ne, kuma bambancin gado a tsakanin 'yan Afirka ya fi na sauran duniya yawa.

Mai tambayar amfanin duk wannan ya dubi sauro. Abin da ake kira Anopheles gambiae, babban mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya zama nau'o'i da dama da ido ba ya bambancewa, wani ya fi cizon mutum a ɗaki, wani yakan ciji dabbobi a waje, don haka gidan sauro ba ya yi musu aiki iri ɗaya. Tsutsar da ta afka wa masara a 2016 sai da masana a Ibadan suka tantance cewa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka kafin a san da wa ake yaƙi. Kamfanonin mai kuma da burbushin ƙananan halittun teku suke gane shimfiɗar da bututunsu ya kai. Nau'o'in da aka raɗa wa suna zuwa yanzu kimanin miliyan biyu ne, wani ƙiyasi na 2011 ya ce masu ƙwayar halitta mai cibiya kaɗai sun kai miliyan 8.7, kuma yawancin waɗanda ba a sani ba suna ƙasashe masu zafi.

Abin takaici shi ne, in ka duba sunayen waɗanda suka bayyana dabbobin Gadufawa da Goronyo, Faransawa ne da Italiyawa da Ingilishi da Amurkawa, ko da yake makiyaya da 'yan jagora na yankin ne sukan nuna musu wurin. Kullum injina suna niƙe burbushi a wuraren fasa dutse, masu haƙar rijiya suna zubar da shi a bakin rami. Mai karatu, idan ka ci karo da ɓawon katantanwa ko haƙori ko ƙashi a cikin dutse, kada ka yi gaggawar ɓalle shi, domin burbushin da ba a san inda ya fito ba ya rasa mafi yawan amfaninsa. Ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta sunan wurin da zurfin ramin, sannan ka sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa da kai, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Abdou Moumouni a Yamai.